Inda Ake Sa Hannu a Tsarin Mulki

Kwana biyar ke nan da aka tsare Auta a ofishin 'yan sanda, kuma har yanzu yayansa bai san abin da ake jira ba. Kullum ya je, amsa ɗaya ce: ana bincike.

Auta direban motar ɗaukar kaya ne. Wani mutum ya ɗauke shi ya kwaso masa katako daga wani kango, a hanya aka tare su, aka ce katakon na sata ne. Ana cikin duba takardun mota mai kayan ya ce bari ya zagaya, bai sake dawowa ba. Sai aka riƙe wanda ya rage. Abin da ya fi tayar wa yayan hankali shi ne ƙirjin Auta. Tun yana ƙarami yake da asma, ɗakin da aka zuba su kuwa taga ɗaya gare shi, ita ma tafin hannu biyu za su rufe ta. Jiya da aka fito da shi bakin kanta ya karɓi abinci, sai da ya huta sau biyu kafin ya gama tambayar lafiyar Inna.

Yayan kafinta ne a layin rumfunan masu aikin katako. Shekara tara yana sakataren ƙungiyarsu, har sunan ya bi shi. Kowa Sakatare yake ce masa, in ban da Inna, mahaifiyarsu, da ke ce masa Babba. Mutum ne mai son abu a rubuce. A cikin akwatin kayan aikinsa, ƙarƙashin guduma da tef ɗin awo, akwai littafi mai baƙin bango wanda suke kira tsarin mulkin ƙungiya. Dokoki suna gaba, sunaye suna baya, kowane suna da sa hannu ko dangwalen yatsa, da na shaidu biyu a gefe. Ƙa'idarsu a fili take: wanda ya sa hannu, ƙungiya za ta tsaya masa, kuma dokar ƙungiya za ta hau kansa. Wanda bai sa ba, ko rumfarsa ce ta kama da wuta, sai dai a taimake shi don Allah, ba don littafi ba.

Da safen nan ya tsallaka titi zuwa shagon Mai Tafireta, matar da ke buga musu takardun taro. Ta daɗe da komawa kwamfuta, amma sunan bai sake ta ba. Ya zauna a benci ya fara faɗa mata abin da za ta rubuta wa shugaban ofishin 'yan sandan.

"Ki ce muna roƙon alfarma. Ki ce mun durƙusa. Ki sa maganar asma, da tsohuwa da ta daina cin abinci."

Ta buga layi biyu, sai ta tsaya.

"Kwana nawa ka ce, Sakatare?"

"Biyar da yau."

"An kai shi gaban alƙali?"

"Allah ya kiyaye. Abin bai kai can ba."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta jawo wani littafi daga kan kanta, ta hura ƙurar da ke bangonsa. Kundin tsarin mulkin ƙasa ne, wanda aka fassara. Ta buɗe, ta naɗe kusurwar wani shafi, ta miƙa masa.

"Karanta nan. Ba roƙo ya kamata ka yi ba."

Ya buɗe baki zai tambaya, amma mutum huɗu suna tsaye da takardunsu, ɗaya har ya fara tsaki. Ta ce ya je da shi, ya dawo mata da abinta lafiya.

A rumfarsa ya share garin katako daga kan teburi, ya karanta wurin sau uku, yana bin layi da fensirin da ke bayan kunnensa. An rubuta cewa duk mutumin da aka kama, dole a faɗa masa dalili, kuma a gabatar da shi gaban kotu cikin kwana biyu, ko a sake shi. Zuciyarsa ta ɗan yi sanyi da "ko a sake shi". Daga nan ya yi abin da kowane sakatare zai yi: ya juya baya don ya duba sunaye.

Babu sunaye. Ya sake juyawa a hankali, ko shafuka sun manne. Akwai jadawali, akwai jerin ofisoshi, akwai farin shafi ɗaya a ƙarshe. Ba sa hannu, ba dangwale, ba shaida.

Da rana, lokacin da aka ɗauke wuta injina suka yi shiru, ya kai maganar gindin bishiyar da suke hutawa. Shugaban ƙungiya yana nan, dattijo mai furfura a gira, da Mai Fenti, wanda hannunsa bai taɓa zama launi ɗaya ba.

"Sun ce duk mutum," in ji Sakatare. "To mu ma namu cewa ya yi duk mutum, amma kowa ya san ɗan ƙungiya ake nufi. Tambayata ita ce, a ina ake shiga?"

Shugaba ya karɓi littafin, ya auna nauyinsa a hannu kamar mai sayen katako.

"Katin zaɓe," ya ce. "Shi ne sa hannun. Ranar da ka dangwala yatsa, ka shiga."

"Auta ba shi da kati. Lokacin da ake yi yana kan hanya."

"To ka gani," in ji Mai Fenti. "Ɗan waje ne. Ni ma da na dangwala sau uku, ban taɓa jin an kira ni taro ba."

"Kai ko namu taron sai an aika maka sau biyu," in ji Shugaba.

"Ranka ya daɗe, ni abin da nake cewa, wannan littafin gwamnati ne. Ita ta rubuta, ita ta buga, ita ke da ɗakin da aka kulle yaron. Za ka je ka karanta mata abinta ta ji tsoro?"

"Namu littafin ai ya sauke shugaban da na gada."

"Don ya sa hannu ne," in ji Sakatare. "Shafi na farko, layi na farko. Ni na karanta masa sashen."

Shugaba ya ce wataƙila sunayen sun yi yawa ne, aka ajiye su a wani littafin dabam, a babban ofis. Mai Fenti ya ce in haka ne littafin zai kai girman kabad. Ba wanda ya yi dariya sosai, domin kowa ya ga maganar Shugaba tana da kan gado.

Don haka Sakatare ya rufe rumfa ya tafi ofishin da ake rajistar haihuwa da katin shaida. Ya bi layi kusan awa guda. Da ya isa taga, ya gaida ma'aikacin, ya ce ya zo yi wa ƙanensa rajista.

"Ta haihuwa?"

"A'a, ta tsarin mulki."

Ma'aikacin ya ɗago kai. Sakatare ya nuna masa littafin ta cikin ƙarafunan taga.

"Ba ma yin wannan a nan."

"A ina ake yi?"

"Ban taɓa jin ana yi ba. Amma ka gwada taga ta huɗu."

Taga ta huɗu a rufe take, an liƙa takarda cewa sun shiga taro. Wani masinja mai kirki ya ce masa maganar doka ai a sama take, wajen lauyoyin ma'aikata, amma sai Litinin. Yau kuwa Laraba. Sakatare ya lissafa kwanakin da yatsu, ya tuna yadda numfashin Auta ke fita da ƙara, ya ga ba za a kai Litinin ba.

A hanyar komawa ya yanke shawara. In dai ofis ba su da wurin sa hannu, ga farin shafi a ƙarshen littafi. A ƙungiya ma an taɓa yin haka, da shafukan sunaye suka cika. Ya ja layi uku da rula, ya rubuta kwanan wata, ya bar gurbin Auta, ya sa Shugaba da Mai Fenti suka sa hannu a matsayin shaidu. Mai Fenti ya tambaya ko shi ma ya shiga ke nan, Sakatare ya ce shaida dabam, shiga dabam. Bai tuna cewa littafin na aro ba ne sai da tawada ta bushe.

Bayan la'asar ya isa ofishin 'yan sanda da kwanon abinci, da maganin shaƙa, da littafin, da ɗan gwangwanin tawadar dangwale. Sajan ɗin da ke kanta ya san shi. Ya buɗe kwano ya juya da cokali kamar kullum, ya duba magani, sannan ya ɗaga gwangwanin.

"Wannan fa, Malam Kafinta? Miya ce?"

"Tawada ce, Yallaɓai. Ko biro ma ya isa. Minti ɗaya kawai nake so a fito da shi ya sa hannu."

"A kan me?"

Sakatare ya buɗe shafin ƙarshe ya juya masa. Sajan ya karanta sunayen shaidu, ya juya bango ya karanta, ya sake komawa baya. Ya sosa ƙeya.

"Wa ya ce ka yi wannan?"

"Ba kowa. Na nemi inda ake yi ban samu ba."

"Ai ba a sa hannu a wannan."

"To ta yaya ake shiga?"

"Shiga ina?"

Suna cikin haka Sufeto ya fito daga ofishinsa da makullin mota a hannu. Shi ne mai kula da binciken Auta, mutum mai ƙiba da idanun wanda bai samu barci ba. Sajan ya ƙame, ya nuna masa littafin, ya yi bayani gwargwadon abin da ya gane. Sufeto ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Malam, wanda ke tsare ba ya sa hannu a takardar waje. Ka bar abincin ka tafi."

"Ranka ya daɗe, ni ba gardama na zo yi ba. So nake in fahimta. In shi bai sa ba, ni ma ban sa ba, su wa suka sa?"

"Ba ƙungiyar kafintoci ba ce wannan."

"Na sani, Yallaɓai. Amma ku fa? Ku ma ba ku sa ba?"

"Mu rantsuwa muka yi," in ji Sufeto, yana juya makulli a yatsa. "Ranar da aka ba ni kaki na ɗaga hannu na rantse zan kiyaye shi, na sa hannu a ƙasan takardar. Kowane ma'aikaci haka, har na can sama. Ka gamsu?"

Sakatare ya tsaya yana jujjuya maganar kamar yadda yake juya katako ya ga ta ina zai fara yanka. Tun safe yake neman wanda littafin zai tsaya wa. Bai tuna ɗaya rabin ƙa'idar ba, cewa wanda ya sa hannu shi ne dokar ke hawa kansa.

"Ashe ku ne a ciki," ya ce a hankali.

"Me ka ce?"

Shekara tara sun koya wa jikinsa abin da ake yi a irin wannan wuri, tun kafin kansa ya gama yanke shawara. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe shafin da aka naɗe, ya faɗi lambar sashe, ya karanta shi daga farko har ƙarshe da muryar taro, ba sauri, ba ɗaga murya. Mutanen da ke zaune a benci suna jiran 'yan uwansu suka daina hira. Da ya gama ya zaro ƙaramin littafinsa daga aljihu, ya ciro fensir daga bayan kunne.

"Ranka ya daɗe, an kama shi ranar Asabar da hantsi. Yau Laraba. An gabatar da shi, ko ba a gabatar ba?"

"Me kake rubutawa?"

"Kwanan wata ne da lokaci. Sai amsar da aka bayar. Haka muke yi."

"Wa zai karanta?"

"Ban sani ba tukuna, Yallaɓai."

Gaskiya ya faɗa, amma da alama wannan amsar ce ta fi damun Sufeto. Ya dubi fensirin, ya dubi mutanen benci, ya dubi Sajan, wanda ya mai da hankali ga kwanon abinci kamar bai taɓa ganin kwano ba. Sannan ya jefa makullin a aljihu.

"Kotu kake so? Shi ke nan. Sajan, a shirya takardunsa. Gobe ƙarfe tara a kai shi kotu."

Ya koma ofis ya rufe ƙofa. Sakatare ya tsaya da fensir a hannu. Shi "ko a sake shi" ya zo nema.

Da ya koma gida Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, abincin rana yana gefenta a rufe. Ya durƙusa ya faɗa mata duka, bai rage komai ba.

"Babba," ta ce, "na aike ka ka fito mini da yaro, ka je ka kai shi kotu?"

"Littafin ne ya ce haka, Inna."

"Littafin wa?"

"Na ƙasa."

"Ƙasa ta san shi ne? Da ka yi musu magana mai daɗi, da wataƙila jibi sun gaji sun sake shi. A gidan nan ba wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali, sai kai ka ja mana da karatunka."

A zuciyarsa ma haka yake gani. Duk wanda ya sani da aka kai kotu, daga can gidan yari aka wuce da shi, ko kuma dai labarin waɗannan ne kaɗai ake bayarwa.

Washegari da sassafe ya biya shagon Mai Tafireta, tana buɗe ƙofa. Ya ba ta haƙuri a kan shafin da ya ɓata, ya nuna mata. Ta kalli layukan rula da hannun Mai Fenti mai ɗigon kore a gefe, ta rufe baki da mayafi har kafaɗunta suna rawa. Da ta ga fuskarsa sai ta daina.

"Sakatare, ba a shiga. Kai da Auta da jaririn da aka haifa jiya duk yana tsaya muku. Masu riƙe da ofis su ne yake ɗaure wa hannu."

"Ba mu sa hannu ba, ya tsaya mana. Su sun sa, ya ɗaure su."

"Haka."

"To wa ya yarda da wannan tsarin a cikinsu?"

"Je ka kotu, za ka makara. Ka tafi da katin shaidarka, za a nemi mai tsaya masa."

Kotun ƙaramin ɗaki ne mai fanka ɗaya da bencina shida, biyu daga ciki suna buƙatar ƙusa. An shigo da Auta cikin mutum bakwai, ya rame, leɓensa ya bushe. Da aka kira shi, magatakarda ya karanta tuhuma, Auta ya ce shi haya aka ɗauke shi. Alƙaliyar, mace mai sanyin murya, ta tambayi mai gabatar da ƙara ranar da aka kama shi. Ya ce Asabar. Ta dubi kalandar bango, ta dube shi, ta rubuta wani abu mai ɗan tsawo. Ya ce suna neman a ba su lokaci su kammala bincike, a ci gaba da tsare wanda ake tuhuma. Ta tambaya ko an sami mai katakon. Ya ce ana nema. Ta tambaya ko akwai wanda ya ga Auta yana sata. Ya ce ana bincike.

Daga nan aka yi maganganu da sauri waɗanda Sakatare bai kama ba. Ya ji an ce beli, ya ji an ce mako uku, ya ji an ce mota ta zauna a hannun 'yan sanda. Aka tambaya ko akwai ɗan uwa, ya miƙe har gwiwarsa ta bugi benci. Wani ma'aikaci ya ja shi wani ɗaki, aka duba katinsa, aka tambayi inda rumfarsa take, aka ce in Auta bai dawo ranar da aka sa ba, shi za a nema. Ya ce ya ji.

Wajen azahar suka fito. Auta ya tsaya a kan matakala, ya dafa bango, ya ja iska a hankali, ya sake ja. Ƙarar ƙirjin tana nan, amma ta ragu. Sakatare ya tsaya kusa da shi yana jira.

"Yaya," in ji Auta, "an sake ni ne, ko ba a sake ni ba?"

"Za mu dawo nan da mako uku."

"Motar fa?"

"Tana wurinsu."

"To mun ci ke nan, ko an ci mu?"

Sakatare ya yi tunani da gaske, domin ba ya son ya faɗi abin da bai tabbatar ba.

"Wannan ban sani ba. Zan tambaya. Yau dai a gida za ka kwana."

Ya kama shi a damtse suka sauka matakalar ɗaya bayan ɗaya. A bakin titi Auta ya ce kada su hau mota, cunkoso zai toshe masa numfashi, ya fi son ya taka. Suka bi gefen inuwa, suna tsayawa duk inda ya ce a tsaya.